Yadda Ake Riƙe Hankalin Mahalarta a Horaswa ta Intanet: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu horaswa, malamai da masu shirya taron ƙara wa juna sani suka fi maimaitawa idan darasi ya koma manhajojin taron bidiyo irin su Zoom, Google Meet ko Microsoft Teams. An faro daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

Me ya sa mutane ke saurin shagala a horaswa ta intanet fiye da a cikin aji?

A cikin aji, wanda ya zaro waya yana latsawa kowa na ganinsa, kunya kaɗai ta isa ta sa ya mayar da ita aljihu. A intanet kuwa, na'urar da yake sauraronka da ita ita ce wadda saƙonninsa ke shigowa ta ciki, kuma babu mai ganin abin da yake yi. Kai ma ka rasa alamomin da ka saba karanta mutane da su: hamma, gyaɗa kai, yamutsa fuska, motsin kujera. Sai ka yi ta zuba kana zaton ana tare, alhali sunaye kawai suka rage a allo.

Akwai kuma gajiya ta gaske. A 2021 Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford ya kawo dalilai huɗu da ke sa taron bidiyo ya gajiyar da mutum: kallon fuskoki dab da ido na dogon lokaci, ganin hoton kai ba ƙaƙƙautawa kamar mai riƙe da madubi, zama daram wuri ɗaya don kada a fita daga kyamara, da wahalar da ƙwaƙwalwa ke sha wajen aikawa da fassara alamomin jiki ta ɗan ƙaramin allo. Saboda haka iya magana ba ta isa ba. Mutumin da aikinsa sauraro ne kawai zai sulale, ko da mai gabatarwa gwani ne. Wanda ke riƙuwa shi ne wanda aka ba shi abin yi, ya kuma san za a waiwayi abin da ya yi.

Mene ne bambancin taron ganawa da webina? Wanne zan zaɓa?

A taron ganawa kowa na iya buɗe makirfo da kyamara, kowa na ganin kowa. A webina masu gabatarwa ne kawai ake gani, sauran 'yan kallo ne, sai dai su rubuta tambaya ko su kaɗa ƙuri'a, kuma ba sa magana sai an ba su izini. Idan fasaha kake koyarwa wadda sai an gwada, kuma mutanenka ba su wuce 25 zuwa 30 ba, ɗauki taron ganawa. Idan sanarwa ce ko lacca ga ɗaruruwan mutane, webina ta fi tsafta, domin babu wanda makirfonsa zai buɗe cikin kuskure. Amma ka sani ka samu natsuwa ne ka rasa tattaunawa, don haka nauyin zai koma kan ƙuri'a da akwatin tambayoyi, waɗanda aka yi bayaninsu a ƙasa.

Minti nawa ya kamata zama ɗaya ya ɗauka?

Minti 45 zuwa 60 ga webina, 60 zuwa 90 ga horaswar da ake aiki a ciki. Duk abin da ya haura awa ɗaya yana buƙatar hutun minti 10 a tsakiya, kuma hutu na gaske, wanda za a ce wa mutane su tashi su miƙe ƙafa. Kada ka ce "mu dawo bayan minti goma", faɗi lokacin dawowa da agogo ka rubuta shi a allo. Horaswar da a aji take cin yini guda, gara a raba ta zama uku ko huɗu a ranaku daban-daban. Ka kuma lura da iyakar manhaja: Zoom na kyauta yana yanke taro a minti 40, Google Meet da Teams na kyauta suna yanke taron rukuni a minti 60. Yankewa a tsakiyar bayani asara ce, don ba duka waɗanda suka fita ke dawowa ba.

Zancen da ake yawan yaɗawa cewa hankalin ɗan Adam daƙiƙa 8 kawai yake tsayawa, ƙasa da na kifi, ba shi da tushe. Mutumin da ake faɗa wa haka shi ne ke kallon wasa na minti 90 bai ƙifta ba. Abin da ke da hujja shi ne binciken da Philip Guo da abokan aikinsa suka yi a 2014 a kan kallon bidiyon darussa sau miliyan 6.9 a dandalin karatu ta intanet na edX, inda suka ga kallo yana raguwa sosai idan bidiyo ya wuce minti 6. A kan bidiyon da aka naɗa aka yi shi, amma darasin ya shafi zama kai tsaye: ba tsawon zaman ne ke kashe shi ba, tsawon lokacin da murya ɗaya ke magana ba tare da wani ya motsa ba ne.

Yaya zan buɗe zama?

Buɗe ɗakin minti 10 zuwa 15 kafin lokaci, ka sa shafi a allo mai ɗauke da tambaya ɗaya mai sauƙi wadda masu shigowa za su amsa a akwatin saƙo, misali, "Wane ɓangare na wannan aikin ne ya fi ba ka wahala?" Fara a kan lokaci. Jiran waɗanda suka makara yana hukunta waɗanda suka zo da wuri, kuma a zama na gaba su ma za su makara.

A minti uku na farko kowa ya taɓa wani abu: ya rubuta, ya ɗaga hannu, ya danna ƙuri'a. Wanda ya yi shiru a mintuna goma na farko ya riga ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi ɗan kallo ne, kuma da wuya ya buɗe baki daga baya. Nuna musu inda madannin ɗaga hannu yake, ka gaya musu cewa a Zoom na kwamfuta danne dogon madannin ƙasan kibod yana buɗe makirfo na ɗan lokaci, sakinsa ya rufe. Sannan ka faɗi abin da za su iya yi da hannunsu idan an tashi. Dogon tarihin mai gabatarwa da jerin shaidun karatunsa a bar su a takardar gayyata.

Sau nawa zan riƙa sa mahalarta yin wani abu?

Kada ka wuce minti 5 zuwa 7 kana magana kai kaɗai. Hanyar tabbatar da haka ita ce tsara zaman a takarda mai layi uku: lokaci, abin da za ka yi, abin da su za su yi. Idan ka ga layi na uku ya zauna fayau na tsawon minti 15, ka gano inda za ka rasa mutane tun kafin ka rasa su.

Ga misalin awa ɗaya. Minti 5 na buɗewa da ƙuri'a. Minti 7 na bayani, sai tambayar da za a amsa a rubuce. Minti 7 kana nuna yadda ake aikin a allonka, sai minti 11 kowa ya gwada da kansa. Minti 12 a ƙananan ɗakuna, wato ƙananan rukunonin da manhaja ke raba mahalarta cikinsu don su yi aiki tare, minti 8 ana jin abin da suka fito da shi, sauran minti 10 na tambayoyi da rufewa. Ka lura cewa maganarka zalla ba ta kai rabin lokacin ba. Sai dai ba kowane motsi ne ke da amfani ba. "Duk wanda ke ji na ya rubuta 1" yana gwada sauti ne kawai. Aikin da ke riƙe hankali shi ne wanda ke tilasta tunani a kan darasin: a zaɓi tsakanin hanyoyi biyu, a gano kuskure a misali, a yi hasashen sakamako kafin ka nuna shi.

Na yi tambaya kowa ya yi tsit. Me zan yi?

Da farko jira. Mary Budd Rowe ta gano tun a shekarun 1970 cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya bayan tambaya, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa 3 amsoshi sukan ƙaru, su kuma yi tsawo. A intanet uku ba su isa ba: muryarka tana ɗan jinkirin isa, mutum zai yi tunani, ya lalubi madannin makirfo, ya kuma tsaya ya ga ko wani zai riga shi. Ƙirga goma a zuci. Shirun zai yi maka nauyi kamar an ɗauke wuta, amma a wurinsu lokacin tunani ne. Babban kuskure shi ne ka amsa tambayarka da kanka, domin daga nan sun gane cewa idan suka yi haƙuri za ka yi musu aikin.

Na biyu, duba tambayar. "Akwai mai tambaya?" da "An gane?" kusan kullum shiru suke haifarwa. "A cikin matakai ukun nan, wanne ne zai fi wuya a wurin aikinka?" tana da ƙofar shiga. Wata dabara mai aiki: ka ce kowa ya rubuta amsarsa amma kada ya tura sai ka ƙirga uku. Amsoshi za su zubo lokaci guda, babu wanda ya kwafi na wani, babu kuma wanda ya zama na farko. Daga nan ka ɗauki ɗaya ka nemi mai ita ya ƙara bayani.

Idan za ka kira suna, kira sunan kafin tambayar, ba bayanta ba, don wanda hankalinsa ya tafi ya samu ya dawo. Ya fi kyau ma ka yi gargaɗi: "Bayan wannan misalin zan ji ta bakin mutum biyu." Kiran suna don a kunyata wanda ya shagala yana sa kowa ya ƙara noƙewa.

In tilasta wa kowa ya kunna kyamara?

A'a. Ganin fuska yana taimaka wa mai gabatarwa, amma yana da tsada ga mahalarci. Binciken da Kristen Shockley da abokan aikinta suka wallafa a 2021 ya nuna kunna kyamara yana ƙara gajiya, musamman ga mata da sababbin ma'aikata. Ga cin data, ga wanda ba ya son a ga inda yake zaune. Kuma fuska a allo ba shaidar sauraro ba ce, mutum na iya kafe kyamara da ido yana karanta wani abu daban.

Abin da ya fi dacewa shi ne ka nemi kyamara a wuraren da take da amfani: gaisuwar farko, ƙananan ɗakuna, da lokacin da mutum ke magana. Lokacin da kake nuna shafuka, kowa ya kashe. Ka kuma koya musu ɓoye hoton kansu, wanda Zoom da Meet duk suna da shi. Taka kyamarar kuwa ta zauna a kunne, daidai tsayin idonka, haske yana gabanka ba bayanka ba. Taga a bayan mai magana tana mayar da shi inuwa.

Yaya shafukan gabatarwa ya kamata su kasance?

Tunani ɗaya a shafi ɗaya, da manyan haruffa, don da yawa a waya suke kallo. Gwada shafin a wayarka, idan sai ka buɗa shi da yatsu kafin ka karanta, rubutun ya yi ƙanana. Kada ka karanta abin da ke allo kalma bayan kalma. Richard Mayer, wanda ya daɗe yana bincike a kan koyo da hoto da sauti, ya nuna cewa hoto da bayanin baki sun fi hoto da bayanin baki da kuma rubutun bayanin gaba ɗaya. Ido ya fi baki sauri, mai karatu zai gama shafin ya bar ka a baya, ya tafi harkarsa. A intanet gara shafuka da yawa masu sauƙi da ake sauyawa duk minti ɗaya ko biyu, a kan guda ɗaya cunkushe da zai kwana a allo. Lokacin tattaunawa kuma ka sauke shafin gaba ɗaya don fuskoki su dawo.

Akwatin saƙo yana taimakawa ko yana raba hankali?

Yana taimakawa idan an kula da shi. Nan ne masu kunyar magana da masu raunin intanet ke samun murya. Rufe shi ba ya hana hira, sai dai ta koma wata manhaja inda ba ka gani. Ƙa'ida ɗaya ce: abin da aka rubuta a amsa shi. Tsaya duk minti 10 ka karanta biyu ko uku da sunayen masu su. A webina ka raba aiki, hira a akwatin saƙo, tambayoyi a akwatin tambaya, domin tambaya mai muhimmanci takan nutse cikin gaisuwa. Kada ka yi ƙoƙarin karantawa kana bayani, duba amsar da ke kan mataimaki.

Ƙuri'ar jin ra'ayi fa, yaya ake amfani da ita?

Shirya ta kafin zama, ba a gaban mutane ba. Tambaya ɗaya, zaɓi 3 zuwa 5, daƙiƙa 30 zuwa 45 na amsawa. Uku ko huɗu sun isa a awa ɗaya. Sharaɗin shi ne sakamakon ya canza abin da za ka faɗa. Idan rabin mutane sun zaɓi amsar da ba daidai ba, ka tsaya a nan ka warware, kada ka ce "madalla" ka wuce. Mafi daɗinta ita ce wadda ake yi kafin bayani, domin wanda ya zaɓi amsa yana son ya ji ko ya dace. A Zoom da Meet ƙuri'a tana cikin tsarin da ake biya. Mai amfani da na kyauta zai iya ɗaukar wani shafin ƙuri'a na daban kamar Mentimeter, Slido ko Kahoot, sai dai mai kallo a waya dole ya fita daga taron ya buɗe wani shafi, wasu kuma daga can ba sa dawowa. A irin wannan hali ka rubuta zaɓin a allo, su amsa da harafi a akwatin saƙo.

Ƙananan ɗakuna ba sa yi mini aiki, mutane na shiga su yi shiru. Ina matsalar?

Kusan kullum matsalar umarni ce. An ce "ku je ku tattauna", mutum huɗu da ba su san juna ba suka tsinci kansu a ɗaki, shafin da ke ɗauke da tambayar ya ɓace daga allonsu, minti uku suka tafi a "me aka ce mu yi?" Kafin ka tura su, faɗi aikin, nuna shi a rubuce, ka aika shi ta hanyar da za su iya buɗewa a can. Aikin ya zama mai sakamako da ake iya gani: jerin abubuwa uku, shawara ɗaya, amsar lissafi. Ka kuma yanke musu wanda zai fara magana, misali wanda sunansa ya fi kusa da farkon haruffa, da wanda zai kawo rahoto.

Mutum 3 zuwa 4 a ɗaki, minti 8 zuwa 12. Biyu suna da haɗari, idan ɗaya ya tashi daga gaban na'ura ɗayan ya zauna shi kaɗai. Shida zuwa sama kuwa, biyu ne za su yi magana. Aika saƙon tunatarwa idan saura minti 2. Zoom yakan ba da daƙiƙa 60 bayan an danna rufewa, ka sa su cikin lissafinka. Da aka dawo kada ka ce kowane ɗaki ya kawo cikakken rahoto, ɗaki takwas suna maimaita abu ɗaya ya fi kowace lacca kashe zama. Ji biyu ko uku, sauran su rubuta abin da ba a riga an faɗa ba.

Lallai sai na samu mataimaki?

Idan mahalarta sun wuce 15 zuwa 20, eh. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mataimaki ne zai shigo da mutane daga ɗakin jira, ya rufe makirfon da ke kawo hayaniya, ya tattara tambayoyi, ya saki ƙuri'a, ya raba ɗakuna, ya kula da lokaci. Ba shi matsayin mai masauki na biyu, wato mai iko da taron kamarka, tun farko, da kwafin shafukanka, don idan intanet ɗinka ya yanke ya ci gaba da riƙe mutane. Ku yi gwaji tare na minti 20 kwana ɗaya kafin zaman.

Me ya fi muhimmanci, hoto ko sauti? Yaya zan yi da masu raunin intanet?

Sauti, nesa ba kusa ba. Mutane na haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma murya mai yankewa tana korar su cikin mintuna. Yi amfani da abin kunne mai makirfo maimakon makirfon jikin kwamfuta. Idan murya tana amsa kuwwa, yawanci na'urori biyu ne a ɗaki ɗaya suka shiga taron da sauti a buɗe, ɗaya ta kashe makirfo da lasifika duka. Idan za ka nuna bidiyo, danna zaɓin aika sautin kwamfuta lokacin raba allo, in ba haka ba za su ga baki na motsi ba sa jin komai.

Bisa alƙaluman Zoom, murya kaɗai na buƙatar kilobit 60 zuwa 80 a daƙiƙa, bidiyon rukuni mai inganci kuwa megabit 1.8 zuwa 2.6 (megabit ɗaya kilobit dubu ne). Wato wanda muryarsa ke sarƙewa, kashe kyamara ne maganinsa na farko. Aika shafukan tun kafin zama da lamba a kowanne, ka riƙa faɗin lambar shafin da kake kai, don wanda allonsa ya daskare ya bi ka da kunne.

Mutum ɗaya ya mamaye magana, ko wani baƙo ya shigo yana ɓata taro. Yaya zan yi?

Na farkon, kafa ƙa'ida tun a buɗewa: a ɗaga hannu, minti ɗaya ga kowa. Idan ya zarce, shiga a inda ya ja numfashi, ka taƙaita abin da ya faɗa, ka ce kana son jin wanda bai yi magana ba tukuna. Na biyun rigakafi yake so, kuma ya yi yawa a 2020 lokacin da kowa ya koma Zoom: sa lambar sirri da ɗakin jira, kada ka baza adireshin shiga a fili, ka taƙaita raba allo ga masu gabatarwa. Idan duk da haka ya shigo, mataimaki ya fitar da shi ya kulle taron.

Ta yaya zan san ko hankalinsu na tare da ni?

Ba ta yawan sunayen da ke allo ba. Zoom ya taɓa samun abin da ke nuna wa mai masauki wanda ya bar shafin taron, ya cire shi a Afrilun 2020 saboda ƙorafin sirri. Ma'aunin da ya rage ya ma fi shi: mutum nawa suka amsa ƙuri'a cikin waɗanda ke ciki, da sauri nawa, kuma amsoshin sun nuna fahimta? Idan 40 ke ciki 12 suka amsa, ka san inda kake. Bayan zama duba rahoton shiga da fita, wanda tsarin biya ke bayarwa. Idan mutane da yawa sun fita a minti ɗaya, koma ka ga me kake yi a lokacin.

In naɗi zaman? Me zan aika bayan an tashi?

Naɗa, amma ka sanar tun a gayyata, ka kuma dakatar da naɗin lokacin da mutane ke faɗin matsalolin wurin aikinsu, in ba haka ba za su kame baki. Wasu za su ƙi zuwa su ce sai sun kalla daga baya. Maganin wannan shi ne zaman ya ƙunshi abin da bidiyo ba zai bayar ba, wato gwaji, gyara da amsa kai tsaye. Kada ka aika bidiyon awa ɗaya sukutum, yanka shi gutsure-gutsure na minti 5 zuwa 6, kowanne da takensa, saboda dalilin da aka kawo a amsar tsawon zama.

Mantuwa tana farawa da wuri, Hermann Ebbinghaus ya nuna haka tun 1885. Henry Roediger da Jeffrey Karpicke kuma sun nuna a 2006 cewa ƙoƙarin tuno abu ya fi sake karanta shi zaunar da shi a ƙwaƙwalwa. Don haka cikin awa 24 ka aika shafi ɗaya na muhimman matakai tare da amsar tambayoyin da lokaci bai kai gare su ba. Bayan kwana 2 ko 3 ka aika tambayoyi uku da za su amsa ba tare da sun duba takarda ba. Idan akwai zama na gaba, buɗe shi da tambayar da aka fi faɗuwa a cikin ukun.